Bidiyo Biyu a Zauren Surukina

Talabijin ɗina na farko rami ɗaya gare shi a baya. Na saye shi a shekarun nan da kuɗin mai suka sa ko malamin firamare yana iya shiga kanti a Sakkwato ya nuna abu da yatsa a sauko masa da shi. Ina koyarwa a Tambuwal a lokacin, ban daɗe da aure ba, muna zaune ni da matata a wani gida mai ɗaki biyu bayan makaranta. Na ɗaura eriya a kan doguwar gora, na jingina ta da katanga na ɗaure, wayarta ta biyo ta taga ta shiga wannan ramin. Idan aka tayar da injin gari da yamma muka samu wuta, sai mu zauna mu kalli labarai daga Sakkwato, hoto yana zuwa yana ɓacewa yadda iska ta ga dama.

Bidiyo kuwa wani abokina ya ba ni. Tare muka yi makarantar horon malamai da shi, amma bai jima da alli a hannu ba ya ajiye ya shiga kwangila, yana gina azuzuwa da rijiyoyi a ƙauyuka, Allah kuma ya buɗa masa. Da ya sayo sabuwar bidiyo sai ya aiko mini da tsohuwar, wata ƙatuwa mai nauyi, mai manyan maɓallai da sai ka danna da ƙarfi su yi ƙara su zauna. A nan na fara sanin wahalar rami ɗaya. In za mu kalli kaset sai na zare wayar eriya na cusa ta bidiyo, in lokacin labarai ya yi in sake zagayawa bayan tebur in mayar. An ce mini ana iya bi da eriya ta cikin bidiyon ta fito, na gwada, hoton Sakkwato da dama da ƙyar yake isowa sai ya ƙarasa mutuwa. Cirewa da mayarwa kullum ta sa bakin ramin ya saki, har sai na tura tsinken ashana a gefe kafin waya ta zauna. Wani lokaci matata ke riƙe wayar ni ina gaba ina cewa ta ɗan karkata hagu.

Da na gaji, na je kasuwar Sakkwato na samo wani ɗan akwatin roba kamar gidan sabulu. Yana da rami biyu a gefe guda, waya ɗaya a ɗaya gefen, da wani ɗan makunni a sama da ake turawa hagu ko dama. Eriya a ramin farko, bidiyo a na biyu, wayar kuma ta shiga talabijin ta zauna ba mai taɓa ta. Na ji daɗin abin nan fiye da kima. Duk baƙon da ya shigo sai na nuna masa, in tura hagu in tura dama, in yi bayani. Malaman makarantarmu suka fara kirana idan rediyonsu ta ƙi magana, ni kuma ban taɓa cewa ban sani ba.

Surukina malami ne a Kebbe. Gidansu gidan karatu ne tun kakanni, a zaurensa manyan mutane masu furfura suke zuwa da littattafansu bayan asuba da bayan la'asar su ɗauki darasi. Mutum ne marar yawan magana, siriri, ba ya ɗaga murya ko a kan akuya. Lokacin da na nemi 'yarsa, 'yan'uwansa da yawa ba su so ba. Ni ɗan manomi ne daga Fakku, ubana yana da 'yan shanunsa da gonarsa, babu malami a zuriyarmu, ga shi kuma na yi boko ina sa wando da 'yar shara. Wanda ya fi kowa ƙi shi ne ƙanen Malam, wanda muke kira Baba Ƙarami. Daga baya na ji cewa Malam ya ce musu ya bincika, yaron yana da kamun kai, ba a ganinsa inda bai dace ba. Da wannan maganar aka ba ni aure, kuma na san da ita.

A shekarar da nake ba da labari Malam ya sauke farali. Bayan dawowarsu da 'yan makonni muka je gaisuwa, damina ta ja baya, an fara yankan gero. Da mutane suka ragu a zaure sai ya sa hannu ƙarƙashin buzunsa ya ciro wani abu naɗe a farin ƙyalle ya miƙo mini. Kaset ne na bidiyo.

Ya ce, "Ticha, wanga na wani abokin tahiyarmu ne, mutumin Sanyinna. Can ya saye shi. An ce ɗawafi na ciki, da Arfa, da masallacin Manzo. Ya ba ni aro, shina son abinai kafin wata ya mutu."

Na ce, "To, Baba."

"Akwai tsofaffi nan da ba su je ba, wasu kuma ba za su je ba sai wani ikon Allah. Ina son su gani. Ni ma abin da nig gani can, cikin turmutsutsu nig gane shi." Sannan ya ce, "An ce ana iya juye shi cikin wani, mutum ya aje nashi. Ko haka ne?"

Ban taɓa juye kaset ba a rayuwata. Na taɓa gani dai ana yi a wani shago a Sakkwato. Na ce, "Ana yi, Baba. Bidiyo biyu ake haɗawa. Abu ne mai sauƙi."

Tun da na auri 'yarsa bai taɓa neman komai a wurina ba sai ranar. Na koma Tambuwal ina jin kaina kamar an naɗa ni sarauta.

Abokina ɗan kwangila ya ba ni aron sabuwar bidiyonsa da ƙaramin janareto, don Kebbe babu wuta, ya kuma ce direbansa zai kai mu a a-kori-kura. Ya nuna mini wayoyi biyu da ake haɗa bidiyo da bidiyo, ɗaya ta hoto ɗaya ta murya. Abin da ya rage shi ne kaset ɗin da za a juye a ciki. A Tambuwal ba a sayar da sabo, zuwa Sakkwato kuma sai ranar da babu makaranta, ga lokaci ya matso. Sai na tuna ina da wani a kan kabad.

Wannan kaset ɗin yana da nasa labari. Watanni kafin nan abokin nawa ya tare a sabon gidan da ya gina, ya yi biki irin na masu kuɗin lokacin. Ya ɗauko mai ɗaukar hoton bidiyo daga Sakkwato da na'urarsa a kafaɗa, ya kuma kira masu kalangu. Na je da niyyar in ci abinci in yi Allah sanya alheri in dawo. Amma tsofaffin abokan makaranta sun san ni, sun san a Fakku kafin in tafi makaranta ba a gama wasan kaka ba ni a fili. Suka kama hannuna suka ja. Na ƙi, na ƙi, sai makaɗin ya canja hannu ya ɗauko wani kiɗa da muke takawa muna samari. Ban san lokacin da na cire hula ba. Bayan biki abokina ya aiko mini da kaset ɗaya, wai tsarabata. Na kalle shi sau ɗaya ni kaɗai, ranar da matata ta shiga maƙwabta kitso, na kashe tun bai ƙare ba, na jefa shi kan kabad. Yanzu da buƙata ta zo sai na ga na samu hanyar rabuwa da shi: in juye ɗawafi a kansa, rawa ta shafe, ya zama abin da za a ajiye a ɗakin malami. Har na ji kamar wani aikin lada zan yi.

Ban gwada haɗin a gida ba. Na ji tsoron kada in yi ta juya kaset ɗin mutane ya lalace a hannuna, kuma a ganina na riga na fahimci komai.

Mun tashi da hantsi, matata a gaba kusa da taga da talabijin a cinyarta cikin bargo, ni a baya ina dafe da bidiyo biyu da janareto. Hanyar Kebbe a ƙarshen damina ba hanya ba ce, ramuka ne da laka da wuraren da ruwa ya yanke. A wani wuri sai da muka sauka muka tura. Muka isa bayan azahar, wandona duk jirwayen laka.

Labari ya riga mu isa. Kafin la'asar an share zaure an shimfiɗa tabarmi har waje. Aka kawo teburin makarantar allo aka ɗora talabijin, na jera bidiyo biyu a ƙasa, sabuwa a kan tsohuwa. Na sa kaset ɗin Makka a sabuwar, nawa a tsohuwar. Na haɗa su da wayoyin nan biyu. Sannan na ɗauko ɗan akwatina: sabuwar bidiyo a ramin farko, tsohuwar a na biyu, wayarsa ta shiga bayan talabijin, na tura tsinken ashana. Dabarata ita ce jama'a su kalli ta farko, ni kuma can tsakiya in ɗan tura makunni in leƙa ta biyu in tabbatar tana ɗauka, in dawo. Aka kai janareto bayan katanga saboda ƙara, direba ya zauna wurinsa.

Bayan sallah suka shigo. Malam ya zauna kan buzunsa a gaba, Baba Ƙarami a damansa, limamin unguwa a hagu, sai tsofaffin ɗalibansa a jere, wasu da carbi a hannu. Akwai wani tsoho da aka riƙo hannunsa aka zaunar da shi dab da tebur saboda idonsa ya yi rauni. Mata suna soron ciki, bayan asabari, an ɗan ɗage gefe ɗaya. Na san matata tana can tare da mahaifiyarta. Ni na durƙusa gefen tebur, gefena ga jama'a.

Malam ya ce, "Bismillah, Ticha."

Na danna sabuwar. Na sunkuya ga tsohuwar, wadda sai an danna maɓalli biyu tare take ɗauka, ja da baƙi. Na sa yatsu biyu na danna, na ji ƙara, na ga kaset yana juyawa ta ɗan gilashin gaba. Ban duba ko duka biyun sun zauna ba, don a daidai lokacin hoto ya fito, zaure ya ɗauki salati.

Ka'aba ce, an ɗauko ta daga sama, mutane farare fat suna kewaya ta kamar ruwa a kwarya. Ban taɓa jin shiru irin na zauren nan ba. Tsohon nan mai raunin ido ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Malam yana nuni da yatsa a hankali, yana cewa ga Hajarul Aswad can, ga inda suka tsaya, ta wannan ƙofa suka shiga. Liman yana share ido da bakin rawani. Ko Baba Ƙarami ya saki fuska, ya ce, "Ikon Allah. Awa mutum ya miƙa hannu ya taɓa." Na ji daɗi har cikin ƙashina. Na ɗaga kai na dubi Malam, shi ma ya dube ni ya ɗan gyaɗa kai.

Da aka kai wurin da mahajjata ke tafiya Mina, hoton ya zama motoci da hanya, sai na ga lokacin leƙawa ya yi. Na ce a hankali, "Baba, bari in duba ko tana ɗauka." Na tura makunni dama.

Kalangu ne ya fara fitowa, da ƙarfi, don na ƙure murya saboda na waje su ji talbiya. Sannan hoto ya daidaita. Ga ni nan tsakiyar fili, kai ba hula, gaban riga a buɗe, gumi yana sheƙi a goshina, na ware hannuwa na duƙa ina karkaɗa kafaɗu, ina ja da baya da ƙafa ɗaya. Mai ɗaukar hoton ya matso da fuskata har ta cika gilashin, bakina a buɗe ina dariya, wani yana manna mini kuɗi a goshi.

Na tura makunni hagu. Ɗan abin ya karye ya biyo yatsana, ya faɗi kan tabarma. Hanya ce ta jijjiga shi ko ƙarfin da na sa, ban sani ba. Na kai hannu in tsayar da bidiyo, na danna ta sama, wadda ba ita ake gani ba. Rawa ta ci gaba. A nan ne maroƙin ya shigo hoton, ya ɗaga hannuna sama, ya buɗe murya yana yi mini kirari. Na riga na manta da wannan wurin, ko kuwa ban kai nan ba ranar da na kalla. Ya kira ni malamin malamai, ya kira ni ɗan Fakku, sannan ya ce, "Surukin Malam na Kebbe, taka a sannu, ƙasa taka ce." Ya maimaita, masu amshi suka karɓa.

Na zagaya bayan tebur da rarrafe na fizge wayar daga ramin. Hoto ya tafi, gilashi ya cika da tsaki-tsaki, sai wani shuu mai ƙarfi. Na rage murya. Daga nan ba a jin komai sai janareto a bayan katanga.

Ban fito daga bayan teburin ba. Ina durƙushe, waya a hannuna, ina kallon ƙasa. Da wani ya yi dariya da na samu sauƙi. Ba wanda ya yi. Wani ya yi gyaran murya, wani ya ce a'uzu billahi can ƙasa-ƙasa. Na ji asabarin soron ciki ya sauka. Tsohon da ke gaba, wanda bai gane abin da ya gani ba, ya tambaya, "Nan kuma wane wuri ne cikin Makka?"

Baba Ƙarami ne ya fara magana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ashe har da mu cikin waƙar."

Malam bai dube shi ba. Ya ce, "Ticha."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Maida mu inda muke. Mutane na jira."

Sai da na yi aikin nan a gabansu duka. Na zare ɗan akwatin na ajiye, na lalubo wayar sabuwar bidiyo cikin tarin wayoyi, na kai ta ramin kai tsaye. Ramin ya ƙara saki saboda fizgar da na yi, waya ta ƙi zama. Tsinken ashanar ya ɓace. Haka na riƙe ta da yatsu, na miƙa ɗaya hannun na danna. Mina ta dawo. Na zauna a bayan talabijin riƙe da waya har kaset ya ƙare, ban ga Arfa ba, ban ga Madina ba, sai dai in ji Malam yana bayani da muryarsa ta kullum, kamar babu abin da ya gitta. Na gode wa Allah da wannan ramin da ya saki, don ya ba ni dalilin ɓoye fuskata.

Da aka gama liman ya yi addu'a, aka shafa, mutane suka fita suna yi wa Malam godiya. Wasu suka ce mini sannu da aiki ba tare da sun dube ni ba. Ina naɗe wayoyi na ciro kaset ɗina, sai na ga dalili. Akwai wani ɗan haƙorin roba a gindin kowane kaset, in an karye shi jan maɓalli ba ya danno, don kada a shafe abin da ke ciki. Mai ɗaukar hoton ya karye na wannan. Baƙin maɓalli kaɗai ya zauna, bidiyon tana ta nuna rawata tun farko, tana jiran in leƙo.

Aka kawo mini tuwo daga cikin gida, na buɗe na rufe. Na je sallama, na durƙusa nesa da buzun, na ce, "Baba, juyin bai yiwu ba."

Ya ce, "Allah bai nufa ba. Ku gaida gida. Ku tahi tun da sauran haske, hanyar ba ta da kyau."

Muka koma Tambuwal. Washegari, matata tana tankaɗe a tsakar gida ina shirin makaranta, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ban san ka iya rawa ba."

Na ce, "Tun ina yaro ne."

"Inna ta ce in ce maka kada ka sa abin a rai." Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, "Da ka nuna mini tun farko, da na ce maka kada ka kai shi gidanmu ko a cikin buhu." Ba faɗa take yi ba. Da na dubi fuskarta na gane ita ma ta sha nata a soron ciki, gaban matan baffanninta, kuma ba ta gaya mini abin da suka ce ba har yau.

Aka mayar wa mutumin Sanyinna kaset ɗinsa. Malam bai samu nasa ba. Na yi niyyar in je in roƙi aro in kai Sakkwato a juye, amma zuwa Sanyinna yana nufin in bi ta hannun Malam, ni kuma ba na iya haɗa ido da shi. Na yi ta ɗagawa har na ji mutumin ya ba wani ɗan'uwansa a Argungu.

Na daina zuwa Kebbe. Da aka yi suna a gidan, na sa matata a mota na ce a ce jarrabawa ta riƙe ni. Da aka yi rasuwa a unguwarsu na aika da gaisuwa. Labari kuwa yana iso ni. Wani malamin makarantarmu ɗan can ya gaya mini, yana ƙoƙarin danne dariya, cewa samari a kasuwar Kebbe in sun ga ɗalibin Malam sai su ce taka a sannu. Ya ce Baba Ƙarami ya faɗa a wani ɗaurin aure cewa shi dai an san abin da ya ce tun farko. A Tambuwal ma na koma tafiya ta bayan layi. Na sauke bidiyon na tura ƙarƙashin gado, talabijin ya koma eriya kaɗai, in wani ya kawo rediyo gyara in ce ya kai kasuwa.

Rani ya yi nisa, wata ranar kasuwar Tambuwal, ina cikin aji ina rubutu a allo, sai hedimasta ya leƙo ya ce ina da baƙo. Na fito. Malam ne zaune a kan benci ƙarƙashin dalbejiyar bakin ofis, da sandarsa, ƙafafunsa sun yi fari da ƙurar hanya. A bayan babur aka kawo shi, a wannan hanyar, mutumin da sai a yi shekara bai bar Kebbe ba. Suruki ya tako wurin aikin mijin 'yarsa. Na ji kunyar da ta fi ta zaure. Na zube a ƙasa gaban yaran da ke leƙe ta taga.

Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi aiki. Sannan ya ce, "Ticha, mun yi maka laifi ne?"

Na ce, "Subhanallahi, Baba. Ni ne na..."

Ya ɗaga hannu kaɗan. "Abin da anka gani an gani. Ban ji daɗi ba, ba ni ɓoye maka. Sunana bai saba shiga bakin maroƙa ba. Amma wanga ya wuce tun ranar, kai da Ubangijinka." Ya gyara riƙon sandarsa. "Abin da bai wuce ba shi ne, kullum sai an tambaye ni ina surukinka. Ga suna ba ka, ga gaisuwar mutuwa ba ka. Rawa ina da abin da nika cewa a kanta, in ce ƙuruciya. Rashin zuwa ba ni da abin cewa. Sai su ga kamar korarka niy yi, ko kuwa kai ka yashe mu."

Hawaye ne suka zo, na sunkuyar da kai don kada yara su gani.

Ya ce, "Jumma'a ka zo. Ka zo da wuri, mu tahi masallaci tare."

Na roƙe shi ya shiga gida ya sha ruwa. Ya ce a'a, ya gode, akwai wanda zai gani a kasuwa. Na raka shi har wurin mai babur, na riƙe masa sanda ya hau.

Ranar Jumma'a na nemi izini na tafi a kan babur ɗin wani abokin aiki. Na sa babbar riga da hula. Zaure cike yake da na isa, masu jiran a tafi masallaci. Na yi sallama, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina durƙusawa ina gaisarwa. Da na zo kan Baba Ƙarami ya riƙe hannuna ya ɗan jima bai saki ba.

Ya ce, "Ticha, an zo lahiya? Ƙafafu dai lahiya?"

Wani a baya ya yi tari. Na ce, "Lafiya lau, Baba."

"To madalla."

Malam ya fito daga cikin gida da farar alkyabba. Ya duba zaure, ya miƙo mini buzunsa, wanda babban ɗalibinsa ne ya saba ɗauka. Na karɓa da hannu biyu. Daga gidan zuwa masallacin Jumma'a akwai gajeruwar hanya ta lungu, ita suke bi kullum. Ranar sai ya miƙe ta bakin kasuwa. Ina gefensa, rabin taki a baya, buzu a hammata, idona a ƙasa. Ya tsaya wurin mahauta suka gaisa, ya tsaya wurin masu goro, ya tsaya wurin teloli inda samari suke taruwa. Duk inda ya tsaya sai ya ɗan juyo ya ce, "Ga Ticha ya zo daga Tambuwal," ni kuma dole in ɗago in miƙa hannu. Wasu samarin suna cije leɓe. Gumi ya jiƙa mini riga tun ba mu yi rabin hanya ba, shi kuwa ko sauri ba ya yi.

A masallaci na shimfiɗa masa buzun a sahun gaba, na juya zan koma baya inda sa'o'ina suke. Ya kama bakin rigata ya nuna mini wurin da ke bayansa. Na zauna nan tsakanin tsofaffi biyu, na tanƙwashe ƙafa, har liman ya hau mumbari.